Gano microRNA na kansa da lantarki: daga fuskar zinare zuwa kwalbar jini

Na'urar gwada sukari da masu ciwon suga ke riƙewa a aljihu ita ce kowa ke kwatance da ita idan aka zo maganar gano kansa daga ɗigon jini. Ana ɗiga jini a kan ɗan tsinke mai ilektirod, enzayim ya yi aiki a kan sukarin, a samu kwararar lantarki, na'ura ta mayar da ita lamba. Tunanin ya samo asali ne daga aikin Leland Clark da Champ Lyons a 1962, kuma masu bincike da yawa na so su yi wa microRNA irin wannan na'ura. Sai dai sukari a jinin mai lafiya yana kusan milimola 5 (mola shi ne ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa, milimola kuwa ɗaya bisa dubunsa), microRNA ɗin da ake nema kuwa yana yawo tsakanin femtomola da fikomola, ma'aunai masu ƙanƙanta ƙwarai. Abin da ake farauta ya fi sukari ƙaranci sau biliyan zuwa sau tiriliyan. Kusan duk wahalar fannin daga wannan tazara ta taso.

Shi microRNA ɗan guntun zaren RNA ne mai harufa kamar 22. Ba a ƙera furotin da shi. Aikinsa ya maƙale wa saƙon da ƙwayar halitta ta aika don a ƙera wani furotin, ya danne shi ko ya sa a lalata shi. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka bayyana shi a 1993 a jikin wata 'yar tsutsa, C. elegans, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2024. A 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa miR-15 da miR-16 suna ɓacewa ko su ragu a wani nau'in kansar jini, alaƙar farko ke nan da kansa. A 2008 kuma aka tabbatar cewa ana samun microRNA a cikin filasma da siram, wato ruwan jini bayan an raba shi da ƙwayoyinsa, bai lalace ba, har aka ga miR-141 ya yi yawa a jinin masu kansar furostet da ta bazu. Daga nan aka buɗe ƙofa. Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen auna shi har yau ita ce PCR mai ƙidaya, hanyar kwafar zare sau da yawa har a iya ƙidaya shi, wadda ke buƙatar inji mai tsada, da enzayim da ake ajiyewa cikin sanyi, da ƙwararren ma'aikaci. Na'urar lantarki tana alƙawarin araha da ƙanƙanta, shi ya sa ake ta ƙoƙari a kanta.

Tsarin na'urar bai da wuyar fahimta. Ilektirod uku ne: na aiki, wanda yawanci zinare ne ko kabon, na ma'auni, na azurfa da kuloraid ɗin azurfa, da na uku mai rufe da'ira, sau da yawa filatinum. Ana haɗa su da fotenshiyostat, injin da ke saita boltej ya kuma auna lantarkin da ya gudana. A fuskar ilektirod na aiki ake dasa ƙugiya, wato zaren DNA da aka tsara harufansa su dace da na abin da ake nema. Jerin miR-21 shi ne UAGCUUAUCAGACUGAUGUUGA, don haka ƙugiyarsa kishiyar wannan jeri ce harafi da harafi. In ya zo wucewa suka haɗu, sai su naɗe su zama zare biyu, wannan canji kuma shi ake karantawa da lantarki.

Inda ake cin nasara ko a faɗi shi ne shirya wannan fuska, kuma a nan ne ya kamata mai koyo ya fi ɓata lokaci. Ilektirod na zinare mai faifai ana goge shi da garin alumina, daga mai kaurin maikromita 1 zuwa 0.3 zuwa 0.05, a wanke shi da injin girgiza cikin etanol sannan cikin tsabtataccen ruwa don garin ya fita. Daga nan a tsoma shi a asid na salfurik mai ƙarfin mola 0.5, a riƙa kai boltej da komowa har zuwa kusan bolt 1.5, sai zanen lantarki da boltej da injin ke fitarwa ya daina sauyawa, ƙololuwa guda mai kaifi ta bayyana wajen bolt 0.9. Wannan ƙololuwa tana da amfani biyu. Tana shaida cewa zinaren ya tsarkaka, kuma daga cajin da ke ƙarƙashinta ake lissafa ainihin faɗin fuskar, da ƙiyasin kusan maikrokulom 400 a kowace santimita murabba'i. Wanda bai yi wannan lissafi ba ba zai iya kwatanta ilektirod biyu ba, don faɗin da ido ke gani daban yake da wanda lantarki ke gani. Akwai wani tarko a nan: idan kuloraid ya yoyo daga ilektirod na ma'auni zuwa cikin asid ɗin, a boltej mai yawa yana narkar da zinaren, fuskar ta yi ta sauyawa mutum bai sani ba. Ilektirod da ake bugawa a kan roba ko tangaram kuwa ba a goge su da alumina, shimfiɗar zinarensu siririya ce, za ta kankare.

Ƙugiyar tana zuwa da salfa a bakinta ɗaya, domin salfa na kama zinare da ƙarfi. Kamfanonin da ke haɗa ta suna aiko ta salfar a ɗaure da wata salfa, sai an kwance ɗaurin da wani sinadari mai suna TCEP, kamar milimola 10 na awa guda, kafin a ɗiga. Wanda ya manta wannan mataki zai samu ƙugiyoyi 'yan kaɗan a tsaye. Ana ɗiga ƙugiya mai ƙarfin maikromola 0.1 zuwa 1, a rufe a wuri mai laima kada ɗigon ya bushe, a bar shi awa guda ko ya kwana. Bayan an ɗauraye sai a zuba MCH, ɗan gajeren sinadari mai salfa da kabon shida, milimola 1 zuwa 3, na kamar awa guda. Tonya Herne da Michael Tarlov ne suka bayyana amfanin wannan mataki a 1997. Zaren DNA ba ya tsayawa da kansa a kan zinare, kwanciya yake yi, harufansa su manne da ƙarfen, ya kasa kama komai. MCH yana shiga ƙarƙashinsa ya ture shi ya miƙe, ya kuma toshe guraben da suka rage a buɗe.

Yawan ƙugiyoyi abu ne da sabon shiga ke yawan kuskure a kai, don yana ganin in sun yi yawa kamu zai yi yawa. Abin da ake samu yawanci yana tsakanin ƙugiya tiriliyan 1 zuwa tiriliyan 10 a santimita murabba'i. In aka kusanci saman wannan iyaka, zarurrukan sun cunkushe, kuma tunda DNA da RNA duka caji mara kyau suke ɗauke da shi, dajin ƙugiyoyin korar microRNA yake yi. Kamu ya ragu, ya kuma yi jinkiri. Ana iya auna yawan kai tsaye da wani sinadarin rutiniyam mai caji uku da ke manne wa ƙashin bayan DNA cikin ruwa mai ƙarancin gishiri, kowane ɗaya ya rufe fosfet uku, wato gaɓoɓi masu caji na ƙashin bayan. Hanya ce da aka sani tun 1998, ba ta cin rabin awa, amma rahotanni da yawa ba sa kawo wannan lamba. Masanan Shanghai ƙarƙashin Chunhai Fan sun bi wata hanya: su gina ɗan dala mai kusurwa huɗu da DNA, ƙafa uku su kama zinare, ƙugiya ta tsaya a ƙoli, ta yadda tazarar ƙugiyoyi ta zama abin da aka tsara tun daga farko.

Karanta kamun yana da hanyoyi, kowace da lalurarta. A 2003 Fan da Kevin Plaxco da Alan Heeger suka fito da ƙugiya mai lanƙwasa kamar mashin gashi, da alama mai ba da ilektiron a bakinta. Tana lanƙwashe alamar na kusa da zinare, lantarki na gudana. In abin nema ya shiga ya miƙar da ita, alamar ta yi nisa, lantarki ya ragu. Yau an fi amfani da metilin bulu a matsayin alamar, ƙololuwarsa na fitowa wajen bolt 0.25 zuwa 0.3 ƙasa da sifili. Matsalar siginar da ke raguwa ita ce duk abin da ya ɓata fuskar ma rage ta yake yi. Ƙugiya ta ɓalle, furotin ya lulluɓe zinare, enzayim ya yanke DNA, duka za su fito kamar an gano kansa. Shi ya sa ake sa alama ta biyu da ba ta motsi, a riƙa auna rabon da ke tsakaninsu, ko a tsara na'urar yadda kamu zai ƙara sigina.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar alama. Ana zuba ferisayanaid da ferosayanaid, milimola 5, a kaɗa boltej kaɗan, milibolt 5 zuwa 10, daga mita mai sauri zuwa mai jinkiri, a auna turjiyar fuskar. In microRNA ya kamu, caji mara kyau ya ƙaru, ferisayanaid ya sha wuyar kaiwa ga zinare, rabin da'irar da ke nuna turjiya a kan zanen awon ta faɗaɗa. Hanya ce mai sauƙi, kuma ita ce ta fi yaudara. Turjiyar tana sauyawa da kanta daga awo zuwa awo ko da ba a sa komai ba, saboda shimfiɗar salfa tana ci gaba da daidaita zamanta, sayanaid kuma yana cin zinare a hankali. Mai bincike da ya ɗiga ruwa mai microRNA kaɗan ya auna, ya ɗiga mai yawa ya auna, a kan ilektirod guda, zai samu layi mai hawa ko da ruwan banza yake ɗigawa. Gwajin da ke tona wannan shi ne a ɗauki ilektirod na biyu a yi masa duk matakan, sau ɗaya-ɗaya, da ruwan da ba microRNA a ciki. A ganinmu duk sakamakon da bai zo da wannan gwaji ba bai kamata a ɗora komai a kansa ba.

Tunda abin neman kaɗan ne, sai an ƙara wa siginar ƙarfi. Akwai enzayim da ake samu daga ƙaguwar Kamcatka, DSN, mai yanke zaren DNA kaɗai in ya same shi a haɗe da RNA. Ya yanke ƙugiya, microRNA ya kuɓuta ya kama wata, ƙwaya ɗaya ta yi aikin ɗaruruwa. Yana son magneziyam, kuma ya fi aiki wajen digiri 60, zafin da shimfiɗar salfa ba ta jure shi da kyau, zare mai harufa 22 ma yana dab da warwarewa. Don haka akan yi aikin a cikin kwalba a zafin da bai kai haka ba, sannan a kawo sakamakon kan ilektirod. Akwai kuma hanyoyin da ba enzayim, inda microRNA ke buɗe lanƙwasasshen zare, shi ya buɗe na gaba, sarƙa ta yi ta tsawo. Robert Dirks da Niles Pierce suka bayyana wannan a 2004. Ciwon waɗannan shi ne yoyo: lanƙwasassun zarurrukan suna buɗewa da kansu ba tare da an taɓa su ba. Kuskuren harafi wajen haɗa zaren yana jawo haka, shi ya sa ake sayen wanda aka tace sosai, a dafa shi a digiri 95 na minti biyar, a bar shi ya huce ya lanƙwashe daidai. Zafin ɗaki ma yana ƙara yoyon. Tsarin da aka daidaita a ɗakin gwaji mai digiri 22 ba zai yi hali ɗaya ba a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ba a sa masa abin riƙe zafi ba.

Yanzu ga lambar da ake yawan tallatawa, wato mafi ƙarancin abin da na'ura ke iya ganowa. Ana ganin rahotanni masu cewa atomola 1, wato ɗaya bisa dubun femtomola, har ƙasa da haka. Lissafi kaɗan ya isa a gane nauyin maganar. Femtomola 1 a cikin maikrolita 100 ƙwayoyi kusan 60,000 ne. Atomola 1 a cikin wannan ruwa ƙwayoyi 60 ne kacal, a ɗigon maikrolita 10 kuwa ƙwayoyi 6. Waɗannan shidan sai sun yi iyo da kansu sun iso fuskar zinare. Zare mai girman microRNA, in ba a motsa ruwan ba, a cikin awa guda tafiyarsa kamar milimita ɗaya ce kawai, kuma ba ta nufin wani gefe. Paul Sheehan da Lloyd Whitman sun yi wannan lissafi a 2005, suka nuna cewa ƙanƙantar da na'ura yana rage damar haɗuwarta da abin nema. Saboda haka ne ƙananan duwatsun maganaɗisu suka samu karɓuwa. Ana lulluɓe su da ƙugiya, a zuba su cikin samfur suna yawo suna kamu, a jawo su da maganaɗisu zuwa kan ilektirod bayan an wanke. Masanan jami'ar Complutense ta Madrid sun yi aiki mai yawa da wannan tsari, suna amfani da furotin p19 na wata ƙwayar cutar tsirrai mai kama gajeren RNA mai zare biyu, ko furotin garkuwar jiki S9.6 mai gane DNA da RNA a haɗe, sai enzayim feroksides ya ba da sigina a bolt 0.2 ƙasa da sifili. Lambobinsu ba su kai na masu atomola ƙanƙanta ba, amma wanki da maganaɗisu yana raba fuskar ilektirod da ƙazantar jini, wanda shi ne babban abu.

Bambancewa ma aiki ne. A dangin let-7, let-7a da let-7c harafi ɗaya ne ya raba su cikin 22. Ƙugiyar DNA ta yau da kullum, a ruwa mai gishiri da yawa da zafin ɗaki, duka biyun za ta kama. Ana gyara wannan da wanki a ruwa mai ƙarancin gishiri ko ɗan ɗumi, inda zaren da bai dace sosai ba zai saki. Ana kuma sa harufan LNA, wasu harufa da aka yi wa gyara don su ƙara riƙo, waɗanda kowane ɗaya ke ɗaga zafin warwarewa da digiri 2 zuwa 8, ko ƙugiyar PNA, kwaikwayon DNA da ba ta da caji. In LNA ya yi yawa kuma, ƙugiyar ta riƙe na daidai da na kuskure duka, ko ta naɗe kanta. Sannan uwar zaren, mai harufa kamar 70 da ake yanko microRNA daga jikinta, tana ɗauke da jeri iri ɗaya.

Duk wannan a ruwan gwaji mai tsabta ne. Jini wani abu ne daban. Filasma na ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80 a lita, mafi yawansa albumin, kuma cikin mintuna yake shafe fuskar zinare. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne microRNA na jini ba tsirara yake yawo ba. Yawancinsa na cikin rungumar furotin Argonaute 2, wani na cikin 'yan ƙunshin kitse da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, shi ya sa enzayim masu cin RNA ba sa gamawa da shi. Ƙugiya ba za ta kama shi a haka ba sai an 'yanto shi, da furotines K, enzayim mai narkar da furotin, da sabulun gwaji da zafi, ko a ciro RNA gaba ɗaya daga kamar maikrolita 200 na filasma. Wannan ya sa gwajin da ake yawan kawowa a matsayin hujja, wato a zuba microRNA na roba cikin siram da aka tsarma sau ɗari a ce an dawo da kusan duka, bai nuna abin da ake so ya nuna ba. Na robar tsirara yake, ba sai an 'yanto shi ba, a cikakken jini kuma cikin ɗan lokaci ake cinye shi. In za a sa zaren shaida don auna asarar ciro, kamar cel-miR-39 na tsutsa wanda babu shi a jikin mutum, sai bayan an zuba sinadarin da ke kashe enzayim ake sa shi.

Ɗibar jinin kanta tana iya ɓata komai kafin a kai ga na'ura. Cikin sinadaran hana jini daskarewa, kwalba mai EDTA ake so, domin hefarin yana hana enzayim da yawa aiki. A juya jinin a injin tace jini cikin awa ɗaya zuwa biyu, da farko a kusan g 1,900 (g shi ne ma'aunin ƙarfin juyin) na minti 10, a kwashe filasma ba tare da taɓa farin layin tsakiya ba, a sake juyawa a g 16,000 don faletilet, ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, da tarkace su kwanta, don faletilet cike suke da microRNA. Jajayen ƙwayoyin jini ma haka, musamman miR-451a da miR-16. Allura siririya, jan sirinji da ƙarfi, girgiza kwalba, barin ta a zafi, duka suna fasa su. Fashewar da ido bai gani ba ma ta isa ta sauya sakamako, don haka ake auna shan haske a nanomita 414, ko a kwatanta miR-451a da miR-23a, wanda fashewar ba ta sauya yawansa. Wani nazari na 2012 ya duba microRNA 79 da aka ruwaito a matsayin alamun kansa a jini, ya tarar kashi 58 cikin ɗari nasu ƙwayoyin jini ne ke ɗauke da su da yawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A inda sikila da maleriya suka yi yawa, jajayen ƙwayoyi na fashewa a cikin jiki tun kafin allura ta shiga, kuma iyakar da aka yanke da jinin mutanen Turai ko Sin ba za a ɗauke ta haka nan a ɗora wa majinyaci a Kano ba sai an sake aunawa da jinin mutanen wurin.

Ko na'ura ta yi daidai, saura tambayar ko alamar kanta tana nuna kansa. miR-21, wanda aka fi gwada na'urori da shi, yana hawa a kansar mama da ta hanji da ta huhu da wasu da dama, yana kuma hawa a kumburi da tabon zuciya da na ƙoda. miR-122 na hanta ne, kuma duk abin da ya ji wa hanta rauni yana zubo shi cikin jini, har da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne babban mai jawo kansar hanta a yankinmu. Kwatanta masu kansa da matasa masu ƙoshin lafiya yana ba da sakamako mai kyau a takarda. Abin da likita ke buƙata shi ne a raba mai kansar hanta da mai tsohon ciwon hanta. A ɗauki misali na lissafi: mutum 10,000, 50 daga ciki na da kansar, gwaji kuma yana gano kashi 90 na masu ita, yana wanke kashi 90 na marasa ita. Zai kama 45 na gaskiya, ya kuma tsorata mutum 995 da ba su da komai. Wannan ya sa aka koma haɗa alamu da yawa a gwaji guda. Gwajin jini na kansar ciki da Singafo ta amince da shi a 2019 microRNA 12 yake dubawa, kuma da PCR ake yinsa. Na'urar lantarki da za ta yi irin wannan aiki tana buƙatar ilektirod goma sha wani abu a tsinke guda, kowane da ƙugiyarsa, duka su ba da amsa iri ɗaya daga bugu zuwa bugu.

Akwai inda alama ɗaya ta tsaya da ƙafarta. miR-371a-3p yana fitowa daga kansar maraina ta ƙwayoyin haihuwa, kusan babu shi a jinin namiji mai lafiya, yana faɗuwa cikin kwana guda ko biyu bayan an cire ƙullun, kuma a babban nazarin da aka buga a 2019 ya gano kusan kashi 90 na masu cutar, ya wanke kusan kashi 94 na marasa ita. Nau'in teratoma ne ba ya nunawa. Irin wannan alama, da bibiyar majinyacin da aka riga aka san cutarsa, nan ne na'urar lantarki ta fi kusa da amfani, domin ana kwatanta mutum da jininsa na watan jiya, tambayar kuma guda ce: ya dawo ko bai dawo ba. Kafin a kai can sai an gwada na'urar da filasmar majinyata na gaske, a raba kowane samfur biyu a auna rabi da PCR, mai aunawa bai san na wane ne ba, a yi da tsinkaye daga bugu uku aƙalla, a kuma sake gwada tsinken bayan ya yi watanni a ajiye a zafin da zai tarar a asibitin da za a kai shi.